Cokali Ɗaya, Ruwa Uku

Takardar lokotoro na nan maƙale bayan ƙofa.
Ta ce Baba ya rage ƙwai, ya rage mai, ya rage sukari.
Baba ya ce, "To ku rage ni ma, ku huta."
Shekara arba'in yana shan shayi da gato bayan la'asar,
tun Inna na da rai,
tun haƙoransa na cike.

Sai Harisu ya sauko daga motar Yamai
da ɗan ƙunshi a aljihun gaba.
Ya ce sunanta ciya.
Na zazzage a tafin hannu:
ba ta kai riɗi ba,
baƙi-baƙi, toka-toka,
kamar tsakuwar da nake tsincewa a gero in zubar.
Jika biyu!
Na ce, Harisu, an ci kuɗinka ana dariya.

Ya ce cokali ɗaya nata, uku na ruwa,
ki bar ta tsawon alwala da raka'a huɗu,
ta zama ƙwai.
Na ce ƙwai ba kaza? Allah ya nuna mana.

Da na sallame na tarar ta kumbura,
ta riƙe junanta, tana bin cokali.
Yagana ta leƙo ta kan katanga:
"Tabawa, ƙwan kwaɗo za ki ba tsoho?
Irin wanda yara ke kwasowa a tafki in ruwa ya sauka?"
Na ce ke da ke lashe kwanon karkashi,
yau yauƙi ne abin ƙyama?

Ba ni da murhun zamani.
Tukunyar Inna ce, rairayi a ƙasa,
garwashi a kan murfi,
da hanci, shi ne agogona.

Na farko ya fito kamar tubalin ganuwar Birni.
Akuya ta sansana, ta kau da kai.
Na biyu ya ƙone a baya, cikinsa ɗanye;
na ɗora wa gawayi laifi
don gawayi ba ya ramawa.
Kwana uku ban taɓa ƙunshin ba, fushi nake da shi.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Dole,
na samo ayabar da ta nuna har mai ita ya fid da rai.
Na dama ta da garin alkama,
na raba sukari biyu, na mai da rabi gwangwani,
citta kaɗan, man gyaɗa a bakin cokali,
sannan ita, baƙuwar.
Wannan karo ya tashi.
Bai kai tashin na ƙwai ba, ba zan yi ƙarya ba,
amma na danna da yatsa, ya dawo.

Baba ya gutsira.
Ya daɗe yana tauna, idonsa a kan duwatsu
inda rana ke jingina kafin ta tafi.
Ƙwaya ɗaya ta maƙale masa a giɓi,
ya bi ta da harshe har ya kama.
Ya ce, "Wannan ba na uwarki ba ne."
Na ce na sani.
Ya kurɓi shayi.
Ya ce, "Yanko wani."

Wadda ta ci riba ita ce jar kaza.
Shekara biyu ina mata sata kowace safiya,
yanzu ta kwanta kan tara,
ta fito da bakwai,
tana yawo da su tsakar gida tana harara ta.

Ƙunshin ya kusa ƙarewa,
Harisu kuma sai bayan salla.
Na tsunkuli kaɗan na binne
inda ruwan alwalar Baba ke zuba,
don a Damagaram ba a wasa da ɗigon ruwa,
mu da ke bin layin famfo tun asuba.

Yau da safe na ga wani abu kore,
bai fi kan allura ba.
Ko ciya ce, ko ciyawa,
ban sani ba tukuna.
Na dai kife masa kwando,
saboda ƴan tsaki.